Ƙarfen Ɗinki a Hancin Mawaƙiya

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni ce ke tsara shafukan wata ƙaramar mujallar waƙa da ke fita wata-wata. Kafin ni, mahaifina ne ya riƙe aikin shekara ashirin da shida, tun babu kwamfuta. A gindin teburinsa na girma. Har yau in na ji warin gam, sai in gan shi da almakashi da reza, fensir a bayan kunne, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, yana yanka rubutu yana mannawa a kwali. Ni kuma ina ƙasa ina tsince guntayen takarda, wai ina haɗa tawa mujallar.

Baba yana da ƙa'idojin da ba ya takawa. Shafin tsakiya hoton mawaƙi ne guda, babba, don mai karatu ya cire ya manna a bangon ɗaki. Ba ya taɓa barin ƙarfen da ke ɗinke tsakiyar mujalla ya faɗa a fuskar mutum, gara ya matsar da hoton ko da kafaɗa za ta yanke. Bayan hoton kuwa talla yake sawa. Shafin baitoci kuma manyan haruffa ne, da fili fari a gefe.

Yanzu mun yi sabon edita. Ya ce tsarinmu ya tsufa, matasa na da hotuna cike da waya, a cire shafin tsakiya, a matse haruffa, a cika gefe da launi. Ba mugu ba ne, kuma gaskiya mujallar ta rage tafiya. Ya ba ni sati biyu in kawo sabon tsari, ko ya ba wani daga waje aikin.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Watan jiya na soma gwada canji. Garin sauri na dasa hoton wata mawaƙiya daidai tsakiya, ƙarfe ya huda mata hanci, na kuma zuba baitocinta a bayan hoton. Na kai wa Baba nasa kwafin kamar kullum. Idonsa ya yi rauni, sai ya kawo shafi dab da fuska. Ya buɗe tsakiya, ya daɗe yana dubawa, ya sa farce ya zare ƙarfen, ya miƙe takardar a gwiwarsa. Tambayata kawai ya yi ko na ci abinci. Da ma faɗa ya yi mini.

In na bi edita, ji nake kamar na share aikin Baba yana da rai. In na ƙi, kujerarsa ta bar gidanmu. Ya zan yi?

’Yar mai almakashi

*

’Yata,

Wasiƙarki ta mayar da ni ɗakinmu na ’yanmata. Akwai irin wannan hoton a jikin ƙofar kabad ɗinmu, ya shekara biyar har ya koɗe, ban taɓa tunanin wani ya zauna ya kare fuskar daga ƙarfe ba. Ki gaishe mini da Baba.

Editanki yana da gaskiyarsa. Mujallar da ba a ɗauka daga tebur ba ta raya sunan kowa, kuma mai karatun yau ba shi ne na da ba. Amma ki sake duba ƙa'idojin nan da kyau. Talla a bayan hoto, don wanda ya manna kada ya rasa baitoci. Manyan haruffa, don a iya rerawa mujalla na ajiye a cinya. Fili fari, don mai koyo ya yi rubutu. Duk ba ado ba ne, mahaifinki ya san abin da hannun mai karatu ke yi da takarda. Wannan ne gadonki, ba launin bangon mujalla ko siffar harafi ba. Waɗannan ki canza su ba tare da jin nauyi ba.

Cikin satin farko ki ɗauki tsohon bugu da gwajinki ki ajiye a shagon tela, da na aski, da wurin da ɗalibai ke zama. Kada ki tambaye su komai, ki kalli inda suke buɗewa da inda suke tsayawa. In har ana neman tsakiya, kin samu hujjar da za ki kai wa edita, domin waya ba ta mannuwa a bango. In ba wanda ya kula, ki amince lokaci ya juya, ki bar shafin tsakiyar ya tafi.

Shirun Baba kuma, ban ga fushi a cikinsa ba. Mutumin da ya miƙe takarda a gwiwarsa gyara yake yi, ya dai rasa wanda zai ce masa bisimilla. Kada ki sake bari sai an buga kafin ya ga canji. Ki fitar da shafukanki a takarda, ki je masa da su, ki ce kin yi kuskure kina son ya duba. Ki tafi da gam, ki kuma nemo masa almakashinsa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa wa hannunki albarkar nasa.