Sallamar da na riƙe shekara huɗu

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma tun da na dawo masauki nake zagaye ɗaki, in zauna in tashi, na kasa rubuta komai a littafina na kullum sai na fara rubuta maka.

Gida lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana taka wa zuwa gidan Yaya Binta. Hauwa ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Keken ɗinkinka yana nan a zaure an lulluɓe shi da zane, ba wanda ya yarda a taɓa. Abokanka na majalisa suna zama bayan la'asar kamar da, sai dai babu mai ba su tarihi. Sun aiko a gaya min idan na iso mako mai zuwa in zo in ba su labarin ziyarar da na yi a madadinka. Wannan saƙon ne ya hana ni sukuni.

Baba, ban yi ziyarar nan ba lokacin da na ce na yi.

Ka tuna yadda kake zana mana taswira a ƙasa da tsinke? Nan Makka, nan Madina. Daga nan sai ka ja layi zuwa Sham, wani zuwa Masar, wani zuwa Farisa, kana mamakin yadda mutanen da jiya ake korarsu daga garinsu suka kai nan duka kafin 'ya'yansu su tsufa. Layin ƙarshe kuma sai ka ja shi har ya fita daga tabarma, ka ce nan ne Sin, can ma akwai kabarin sahabin da ya ja rundunar da ta ci Farisa. Ranar da zan fara tahowa Guangzhou ba ka ce in kawo maka agogo ko yadi ba. Cewa ka yi in je in tsaya a kansa, in ce Hamisu tela na Fagge yana gaishe shi.

Zuwan farko ban samu sarari ba, kullum ina tsakanin shagunan Tianhe da wurin lodi. A zuwa na biyu Lawali, abokina ɗan Maraɗi, ya yi min dariya, ya ce kai Bakano, sahabin nan a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi. Ka san halina. Na tambayi malamai biyu, na duba abin da na iya dubawa, duk maganar Lawali suka ƙarfafa. Sai na tsaya cak. In je in gaishe da wa? In gaya maka, in goge maka layin da ka fi so a taswirar?

Ranar da ka kira kana tari kana tambaya, ina tsaye a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ana cika kwantena da kayan wuta. Na ce na je, na isar. Ka yi ta hamdala. Ka ce yaya wurin yake, na ce babban ɗaki ne, shiru kamar ba kowa. A littafina na rubuta gaskiya: Huangpu, lodi, na yi wa Baba ƙarya. Na iya gaya wa takarda, na kasa gaya maka. Wane irin ɗa ne wannan?

Inna ta ce har a kwanakinka na ƙarshe kana gaya wa masu dubiya cewa gaisuwarka ta kai Sin. Shin ka gane? Kai da kake gane yadin da aka rage masa kamu ɗaya tun daga bakin ƙofa? Ko ka gane ka yi shiru don ka rufa min asiri?

Yau Juma'a na je. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba a jirgin ƙasa, Baba. Shekara huɗu, rabin awa. Lambu ne mai itatuwa, da kaburbura da yawa. Ɗakin ba babba ba ne, 'yar ƙaramar kubba ce. Wani tsoho Basine mai farar hula yana zaune a bakin ƙofa. Na so in tambaye shi wane ne a ciki, sai na ga duk Sinancina na kasuwa ne: sannu, na gode, maigida, babu. Ya matsa min kawai, ya nuna min inda zan ajiye takalmi.

Har yanzu ban san wanda ke kwance a wurin ba. Na dai san wani ne ya bar gidansu ya hau teku da kalmar shahada, ya mutu nesa da danginsa. Na yi masa sallama, na yi wa sauran. Sannan na ce Hamisu tela na Fagge yana gaishe ku. Ashe wurin ba shiru ba ne. Kubbar tana maido da murya. Na ji sunanka ya dawo min, na kasa fita har tsohon ya leƙo.

Ko gaisuwar ta karɓu bayan kai ba ka nan? Ban sani ba. Amma idan na zauna a majalisarka zan gaya musu ranar da na je, da ranar da na ce na je, da abin da Lawali ya faɗa. Su kalle ni yadda suka ga dama.

Ka yafe min, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da wanda ka aiko ni wurinsa, ka gaishe shi da bakinka.

Ɗanka da ya makara,
Sabi'u