Aska Takwas a Ɓangaren Dama

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Ya ƙafar Yaya Binta? Mu nan Daura lafiya, sai gajiya.

Keken kwamfutar da ƙanenmu Lawal ya kawo shago ya fara aiki. Keken ya ɗinka aska takwas a hagun babbar riga, ni in ƙarasa da allura. Makon jiya Lawal ya juya zanen bai lura ba, aikin ya fito a dama, a rigar wani ango ɗan Mai'adua. Ɗinkin awa biyu, kwana huɗu na yi ina warwarewa. Rigar dai ta tsira, amma idanuna sun yi rauni, yanzu sai Lawal ya zura mini zare a allura.

Ka sa idanuna a addu'a. A gaida yara.

Ƙanenka,
Sule