Ranar da Muka Juya Haske

Litinin, 9 ga Satumba

Yau a taron safe Oga ya faɗi abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa a kan matakala. Ƙarshen wata za a haɗe sashena da na Sarkin Akwatuna, kuma shi ne zai shugabance mu. Ni da mutanena, masu kula da zaren gilashin da ke binne a ƙasa da hasken da ke gudu a cikinsa, za mu koma ƙarƙashin mutanensa masu kula da rawuta, akwatunan nan da ke nuna wa saƙo hanya. Oga ya ce wai don aiki ya yi sauƙi. Yana faɗa yana kallon kwalbar ruwansa, don ya san abin da zai gani idan ya kalle ni.

Sarkin Akwatuna! Ni na koya masa yadda ake riƙe zare ba a karya shi ba, lokacin rigarsa ta zuwa aiki guda biyu ce. A lokacin Anti yake ce min. Yanzu na zama Hajiya Injiniya, da wani murmushi irin na masu tallan inshora.

 Na danna biro har ya huda takarda.

Laraba, 11 ga Satumba

Na sake kai wa Oga shawarar nan tawa da ta tsufa a hannuna. Rawuta akwati ce kawai, ita ke karɓar saƙon kowa ta nuna masa hanyar da zai bi. Idan babbar da ke hedikwata ta mutu, ba sai an zauna makoki ba. Muna iya juya hasken da ke shigowa gare ta ya wuce, ya tafi kai tsaye wurin ɗaya rawutar da ke tashar bayan gari, wadda rabin ramukanta na haɗa zare a wofi suke. Abin da nake buƙata kawai shi ne masu rawuta su zauna da mu mu gwada.

Aka kira Sarkin Akwatuna. Ya ce ba ya son a taɓa masa tsari, kuma ai akwai sabuwar rawuta ta ajiya a sito, a cikin ledarta, in wani abu ya faru kafin shayi ya huce an ɗora ta. Ya ƙara da cewa aikin haske ai kamar aikin famfo ne, a shimfiɗa bututu a koma gefe. Oga ya yi dariya.

Mai gyaran famfo. Da digiri biyu.

Alhamis, 12 ga Satumba

Dogo, ɗaya daga cikin yaran sashena, ya tambaye ni ko ya fara neman wani aikin. Na ce ya fara neman murfin zaren da ya yar jiya tukuna.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na wuni a kan littafin tarihin yaƙoƙin nan da na ajiye tun bara. Kowane babi labari ɗaya ne: wani janar mai kyawun kaki ya ƙi jin maganar waɗanda suka san hanya, sai ya kai mutane rami. Na ji sanyi a raina, abin kunya.

Inna ta fito ta same ni ina magana ni kaɗai. Har yau ta ɗauka a kamfanin wuta nake aiki, tunda kullum tana jin ana cewa haske. Ta ce in da gaske ni babba ce a wurin, me ya sa firjinta ke kwana a kashe. Baban yara ya ce in rage wannan fushin, jinina zai hau. Na ce masa fushin ne ke riƙe da jinin.

Talata, 17 ga Satumba

Ta mutu. Babbar rawutar hedikwata ta mutu, da hantsi, ana tsaka da aiki.

Bari in rubuta a jere kar in manta.

Amarya ce ta fara gani. Shekararta goma da aure amma har yau Amarya muke ce mata, ita ce ke zaune gaban allon da ke nuna lafiyar layukanmu. Ta ce, “Anti, haskenmu lafiya lau yake shiga, amma babu mai amsawa.” Kafin ta rufe baki wayoyi sun ɗauki kuka. Bankuna, asibitin koyarwa, makarantu, masu shagunan cire kuɗi, rabin gari ya yi ɗif.

Kamar kullum, masu rawuta suka fara da cewa zarenmu ne ya tsinke. Haka muke da su tun fil azal, kowa ya nuna ɗan uwansa da yatsa kafin ya duba nasa. Na ɗauki na'urar awo na je har ɗakinsu, na auna hasken a gaban idonsu, na juya musu fuskar na'urar su karanta da kansu. Sannan na nuna musu akwatinsu, fitilunsa duk sun mutu, sai wani ɗan wari kamar an ƙona roba.

Sai aka tafi ɗauko ta ajiya. Na bi su, ba don taimako ba, Allah ya sani. Mai sito ya buɗe, ga ta nan a kusurwa, an lulluɓe ta da leda tsaf. Maza huɗu suka sunkuya za su ɗaga da ƙarfinsu, sai ta taso sakayau har ɗaya ya kusa faɗuwa da baya. Aka yaye ledar. Fanko! Ƙarfen jiki kawai, ramukan katunan da ke sa ta aiki duk a buɗe kamar bakin tsoho.

Mai sito bai ko razana ba. Ya ce ai kullum aro ake zuwa yi. Duk katin da ya lalace a wata tasha, sai a turo a ciri na wannan, a ce za a mayar idan sabo ya iso, a sake ja mata ledarta. Wannan ya ari ɗaya, wancan ya ari ɗaya, kowa na ganin ɗaya ne kawai ya ɗauka. Har fankar sanyaya ta sun ara.

Na ɗauki hoto. Biyu ma.

Kamfanin da ke sayar mana da kayan ya ce sabuwa sai bayan makonni. Oga ya yi ta zagaye yana goge wuya da hankici. Ni kuwa na koma ɗakina na zauna, na haɗa shayi. Na san hanyar da za a biyo.

Sarkin Akwatuna ya ƙwanƙwasa, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kwance ɗamarar wuyansa ya cusa a aljihu.

“Anti,” ya ce, “wannan maganar taki ta juya haske. Za ta yiwu yau?”

“Mai gyaran famfo kake tambaya?”

Ya sunkuyar da kai. Na bar shi a tsaye na kurɓi shayina sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, don asibiti na jira. Na ce ya jawo kujera da kwamfutarsa, a nan zai zauna kusa da ni, ba ta waya ba.

Ya koma ya turo kujerarsa mai taya tun daga ɗakinsu, tana ƙara a kan baranda, kowa na leƙe.

Laraba, 18 ga Satumba

Jiya gajiya ta kayar da ni ban ƙarasa ba.

Na tura Dogo tashar bayan gari da zaruruwan haɗi da kayan goge baki, na ce in na ji ya hura wa bakin zare iska ko ya goga a rigarsa, ya kwana can. Kowane babban abokin cinikinmu yana da launin haskensa a cikin zaren. Aikina shi ne in umarci na'urorin kan hanya su daina sauke launin a hedikwata, su miƙa shi gaba. Aikin Sarkin Akwatuna ya shirya ramin da zai karɓe shi a can, ya koya wa waccan rawutar hanyoyin da marigayiya ta sani. Ni ban iya nasa ba, shi bai iya nawa ba. Wannan a nan kawai zan faɗe shi.

Oga ya leƙo ya ce a fara da bankuna. Na ce asibiti, akwai masu jiran sakamakon hoto kafin a shiga da su tiyata. Ya kalli yaronsa Sarkin Akwatuna yana neman agaji, yaron nasa ya ce, “Asibiti, ranka ya daɗe,” bai ko ɗago kai ba.

Na juya launin farko. Shiru. Hanyar ta ƙara tsawo, hasken ya isa a gajiye. Na ƙara wa na'urar tsakiyar hanya, mai farfaɗo da haske, ƙarfi kaɗan-kaɗan, don in na zuba da yawa zan dagula sauran launukan da ke tafiya lafiya. Dogo na kan waya yana karanto min awo da muryarsa ta mai shelar rasuwa. Can sai ya ce fitila ta yi kore.

Amarya ta yi tsalle har ɗankwalinta ya zame. Ni ban yi tsalle ba. Na ce saura.

Bayan na uku hannunmu ya saba. In ce na sake, ya ce na kama. Wani wuri ya gano wata hanya da ta fi tawa gajarta, na yi kamar ban ji ba, sannan na bi ta. Kafin rana ta faɗi allon Amarya ya koma kore daga sama har ƙasa. Gari ya dawo, babu rawutar hedikwata, babu ta ajiya, da haske kawai da kan da Allah ya ba ni.

A hanyar gida na ga mai shagon cire kuɗi na bakin layinmu yana miƙa wa wata mata takardarta. Bai san ni ba. Na rage gudu na kalle shi sosai.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na gaya wa Inna ni na dawo wa gari da sabis. Ta ce madalla, firjin fa?

Juma'a, 20 ga Satumba

Litinin za a yi zaman bin ba'asi, da manyan sama gaba ɗaya. Na sa an fito min da hoton fankon nan babba. Na shirya jimlolina ina wanke-wanke, akwai guda ɗaya a kan janar da leda wadda in na sake ta ba zai ƙara ɗaga ido a ginin nan ba. Baban yara ya ji ni ina gwadawa, ya ce Allah ya jiƙan yaron mutane.

Litinin, 23 ga Satumba

An janye maganar haɗewa. Sashena na nan, nawa. An kuma ce hanyata ta zama doka, duk wata uku a kashe rawuta ɗaya da gangan a gwada juya haske, sashe biyu tare. Oga ya faɗe ta kamar a mafarki ta zo masa. Na bar masa.

Amma yaron nan ya cuce ni. Ina shirin buɗe jakata sai ya miƙe, ba wanda ya tambaye shi, ya zayyana labarin aron katuna da bakinsa, ya ce shi ya fara cirar na farko. Sannan ya ce shi ba zai iya shugabantar aikin da sai ranar Talata ya fara fahimtarsa ba, kuma wadda ta koya masa tana zaune a nan. A gaban manya ya ce Anti.

To me zan yi da hoton? Aka juyo ana jiran in yi magana. Jimlar janar na kan harshena, a wase. Na ji kaina ina cewa ramukan da ya shirya a yini guda, wani sai ya yi mako. Ni! Da bakina!

Gaskiya ce dai. Shi ya sa ta fi ba ni haushi.

Mutanena sun sayo lemo, Dogo har da rawa, abin ba kyan gani.

Laraba, 25 ga Satumba

Har yanzu ina fushi, kar wani ya ɗauka wani abu. Na rubuta wa mai sito cewa duk wanda ya ƙara zuwa aro a turo min shi da ransa.

Hoton yana ƙasan durowa, na kifa shi.

Da yamma mai shara ta tambaye ni kujerar nan mai taya da ta tare mata hanya, ta mayar ɗakin masu rawuta? Tayarta ɗaya na ƙara, kuma ta cinye min wuri. Na ce ta bar ta tukuna, akwai gwaji wata mai zuwa, ba na son a yi ta jan kujera a baranda ana damun mutane.

Na sa Dogo ya ɗiga wa tayar mai.