Wanda Ya Danne Rabi'a

Jibiya, farkon bazara

Zuwa ga baban Rabi'a, a Ikko.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya muke, in ban da abin da zan faɗa maka. Amma bari in faro daga nesa, ka san halina.

Tun ina saurayi na ji ana cewa, wai yaron da aka danne aka sa masa magani a ido ba maganin yake tsana ba, fuskar da ta sunkuyo kansa yake tsana, kuma ba ya mantawa. A bakin wata mai fura a Riko na fara ji. Na yi dariya na ce, yaron da ba ya tuna tuwon jiya? To, yau ga maganar ta biyo ni har gida.

Baƙon dauro ya shigo gari ya taɓa ɗiyarka. Jiki ya warke, alhamdulillahi, sai dai ciwon ya sauka a ido. Da safe sai an jiƙa tsumma an goge kwantsa kafin su buɗe. Malamin asibiti ya ba da 'yar kwalba, ya ce a ɗiga safe da rana da yamma, in an yi wasa ido zai tafi.

Faɗa da sauƙi. Amaryar tawa ba ta cika shekara uku ba, amma da ta hangi kwalbar sai ta runtse ido ta hau cizo da shuri. Aikin na mutum biyu ne, mai riƙewa da mai ɗigawa, gwiwa da gwiwa. Ina aka taɓa ganin suruki ya zauna haka da matar ɗansa? Ga matarka Luba da kunyar 'yar fari, ko sunan yarinyar ba ta faɗa, a gabana sai ka ce ɗiyar maƙwabta ce. Da tsohuwarka na da rai da ban rubuto ba.

Saura ni ke nan. Ni kuwa angonta ne. Kullum tana bi na shingen iyaka na Magama inda nake kasa goro, ta yi barci cikin rigata, direbobi na ce mata uwargida. Ba ni da wata hira yanzu sai tata. Ba zan danne ta ba, da dabara zan bi ta.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Maharazu

Ikko

Zuwa ga Baba.

Ina gaisuwa da ladabi da biyayya, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Takarda ta same ni ta hannun Abdu direba. Baba, don Allah a bar dabara. A naɗe ta da zane a danne ta a ɗiga. Nan haka likitoci suke yi, yaro ya yi kukansa ya gama, a ba shi alewa. Wannan magana ta mai fura ban san inda ka ajiye ta duk shekarun nan ba.

Zuwa ba zai yiwu ba yanzu. Jiragen siminti sun cika teku suna jiran a sauke, motarmu ba ta tsayawa, wanda ya tafi gida kafin ya dawo an ba wani makullin. Aiki ya buɗe, Baba, irin wanda ba a taɓa gani ba. Na ba Abdu takalmi ja na yarinyar da atamfar mai ɗakin. A gaishe su.

Ɗanka mai biyayya,
Lawal

Jibiya

Zuwa ga baban Rabi'a.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta daɗe a hanya, motar Abdu ta lalace a Zariya. Takalmi ya iso, ya yi mata kaɗan.

Ka ji yadda dabarar ta kasance. Na fara da kaina: na kwanta a tabarma na ɗiga, na ce kai, daɗi! Ta leƙo ta gefen tsumma ta ce, "Ƙara." Na ƙara. Na ce saura ke, ta ce saura akuya. Muka kama akuya. Akuyar ta fi ta haƙuri.

A shinge kuwa abin ya zama wasa. Wani kwastan mai tumbi, wanda ya sayi sabon babur bana, ya ce, "Malam Maharazu, ɗiga mani, in uwargida ta ga hukuma ta yarda za ta yarda." Ya cire hula ya ɗaga kai. Direbobi suka ce a ƙara masa, ko ya fara ganin jarkokin fetur ɗin da ke wucewa ta ƙarƙashin hancinsa. Wani jandarma daga wancan ɓangare ma ya miƙo nasa ido. Amarya tana tafi tana ƙyalƙyala dariya. Da an zo kanta sai ta tusa kai cikin rigata. In na samu ɗigo ɗaya ya sauka a gashin ido sai in ce yau an ci nasara.

Haka kwalba ta ƙare. Duk iyakar nan babu mai ciwon ido, sai mai shi.

Na koma da ita asibiti. Malamin ya ɗaga fatar idon hagu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, a idon wa ka zuba?" Hakiya ta fito, fara kamar ƙwayar gero. Ya ce na hagu sai yadda Allah ya yi, na dama ana iya ceto shi. Maganin ya yanke a wurinsu. Wani ɗan Maraɗi mai zuwa sarin atamfa ya kawo mani wani daga can, da rubutun Faransanci. Malamin ya duba ya ce shi ne.

Ranar na cire babbar rigata na naɗe ta a ciki. Ta ɗauka wasa ne, har tana ce mani ango. Na sa kanta tsakanin gwiwoyina. Ta fara shuri, ni kuwa hannu biyu gare ni. Sai na ji motsi. Luba ce, ta ja mayafi har haɓa, ta durƙusa gabana ta kama ƙafafun, fuskarta na kallon bango. Tun da aka kawo ta gidan nan daga Maraɗi ba ta taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Ta ce a hankali, "Baba, kawo in ɗiga, kai ka riƙe ƙafa." Na ce a'a, zauna inda ba ta ganin ki. In maganar mai fura gaskiya ce, gara ta rasa kaka da ta rasa uwa.

Na buɗe idon da yatsa. Yana kallo na. Ta ce, "Kaka, bari. Kaka, ni ce." Na ɗiga.

Haka muke yi yanzu safe da rana da yamma. Na daina kai ta shinge. Direbobi suna tambaya ko uwargida ta yi yaji, ina ce musu e.

Ka yi mana addu'a.
Maharazu

Ikko

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takarda a gindin mota, ban iya tuƙi ba ranar. Ban ga laifinka ba, ni ne ba na nan. Ka gafarce ni in na yi rashin kunya, amma ka faɗa mani: Rabi'a tana gani? Rabi'ata tana gani?

Batun tsana kuwa ka cire shi a ranka. Yarinya ce, za ta manta. Wa ma yake faɗin irin wannan magana a zamanin nan?

Da sallah zan zo, ko za a karɓe makullin.

Lawal

Jibiya, bayan saukar ruwan fari

Lawal,

Gaisuwa. Tana gani. Na hagu ya tafi, na dama garau yake, tana tsince tsakuwa a cikin wake da shi.

Jiya Luba ta tafi da ita Maraɗi ganin dangi. Motarsu ta tsaya a shinge daidai tiren gorona. Na tashi da alewa a hannu na je taga, na ce amarya, tafiya babu sallama? Ta juyo da idon nan mai kyau ta dube ni sosai, ta gane ni. Ba ta yi kuka ba. Ta sa tafin hannu ta rufe shi, ba ta cire ba har aka ɗaga shinge.

Ka tambayi wa yake faɗin wannan magana a zamanin nan. Na ji ta a bakin mutane da yawa ban yarda ba. Wadda ta faɗa mani ta ƙarshe, Rabi'a ce.

Allah ya kawo ka lafiya.
Mahaifinka, Maharazu