Kalmar da Ta Ɗaure Keke

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen Potiskum duka. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Saboda kunnen nan na ƙi kiran waya, don sai na yi ihu duk gidan ya ji, maganar kuwa ba ta ihu ba ce. Surayya autata ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Maganar ɗanki ce. Ni na haife shi, amma ke kika goye shi, kin kuma san ɗan fari ne, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama mun yi hira ido da ido ba. To sau ɗaya na buɗe baki na yi masa doguwar magana, ita ce ta dame ni yanzu.

Kin tuna shekarar da tifa ta kwashe shi a hanyar Wudil, yana tseren keken nan nasu. Abokinsa Augustine, ɗan Sabon Gari mai sai da kayan mota, shi ya ɗauko shi a kafaɗa, rigarsa jina-jina. A asibiti, gaban matarsa Khairiyya da Augustine ɗin, na ce in ya ƙara ɗora keke a titi ban yafe ba, duniya da lahira. Tsoro ne ya faɗa, Yaya, ba ni ba. 

Shekara biyar ke nan. Ni na ɗauka ya sai da keken. Ashe wani ƙarfe ya saya, baƙi, mai nauyi kamar injin markaɗe. Ana cire tayar baya a kafa keken a kansa, a jona da wuta, shi kuma ƙarfen yana jin maganar talabijin. A talabijin ɗin akwai hanya, da wani ɗan mutum mai jar riga a kan keke, wai shi ne. In hanya ta hau tudu, feda ta yi tauri da kanta, in ta gangara ta saki.

Ranar sunan 'yarsu na je gidan a Sabon Gari, na ji wani gurnani a ɗakin baya, na leƙa. Yaya, namiji magidanci, fanka biyu na kaɗa shi, zufa ta yi tafki a siminti, yana ta tuƙi yana haki, gabansa bango. Khairiyya ta ce kullum haka ne bayan asuba. Ran Lahadi kuma abokansa sukan biyo da kekunansu, ya raka su bakin ƙofa, ya duba musu iskar taya, su wuce, shi ya koma ɗaki. Ta ce ko shagonsa na kasuwar Kwari bai taɓa zuwa a keke ba, wai lungu ma titi ne.

Ban gaya wa kowa ba sai Surayya: likita ya ce zuciyata ta kumbura, ga ƙafafuna sun zama kamar tulu. In na tafi ban janye kalmar nan ba, na san halinsa, har ya tsufa yana tuƙa bango. Ki taimake ni ki gaya masa na janye. Ke yana iya kallon idonki.

Ki gaida jikokinki. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
Yagana.

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ƙafar kuma da dama-dama. Takardarki ta zo, Surayya ta karanta min har da zagin, ba ta tsallake komai ba. Kin ce ba za ki faɗa ba, bakin da ya ɗaure shi ne zai kwance, kuma gaban waɗanda suka ji ɗaurin. Na yi fushi kwana biyu. Ran na uku na sa aka kira min Augustine, na hau adaidaita.

Da na isa gidan, na tarar da ɗanki a kan keken. Da ya gan ni ya yunƙura zai sauko, takalman ma a maƙale suke da feda, sai na yi masa hannu ya ci gaba. Khairiyya ta kawo kujera. Augustine ya tsaya bakin ƙofa riƙe da hularsa, ya yi furfura shi ma, yana ta ce min sannu Mama, sannu Mama.

Na buɗe baki ya fi sau uku, wallahi harshena ya ƙi. Ban iya ɗaga ido na dube shi ba. Sai na juya kujerar na fuskanci talabijin, na yi wa mai jar rigar magana. Na ce masa shekara biyar yana yawo a ƙasar da ba ƙura ba rami ba mutanen da suka san shi, ya isa haka. Na ce abin da na faɗa a asibiti na janye, na yafe, duniya da lahira, ya hau duk titin da ya ga dama, Allah ya tsare gabansa da bayansa. Na ce shaidu su ji.

Gurnanin ƙarfen ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Mai jar riga ya tsaya a gefen hanya ya sa ƙafa ƙasa. Ban waiga ba, amma na ji ɗanki ya kifa kai a kan kan keken, yana irin kukan da ban ji ba tun ranar da kika ɗauke shi yaye. Augustine ya fita tsakar gida yana fyace hanci.

Ran Lahadi za su fita shi da abokansa, hanyar Wudil ɗin dai. Surayya na tambayata ko hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba, Yaya. Da yana ɗaki ni ce ke barci, yanzu na karɓi tsorona na riƙe da kaina, da ma nawa ne. Ki taya ni da addu'a ranar, tun daga asuba har in aiko miki ya dawo.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Yagana.