Inda Aka Binne Kaka

Zuwa ga Gwaggo Nomfusi,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan da sanyin Johannesburg ke tayarwa. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, masara ta yi kyau, matata Lindiswa kuma ta sauka lafiya, an sami mace. Mama ce kawai ba ta jin daɗi, dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kin san tsohon littafin nan da Baturen gandun daji na farko ya rubuta, wanda ya ce da suka zo kafa shinge ba su tarar da kowa a kwarinmu ba sai giwaye da wani ɗan yawo mai satar zuma. Mahaifinki ke nan fa, Gwaggo, mai shanu da gidaje. To, da wannan littafin lauyoyi ke ka da mu duk lokacin da muka je neman ƙasar. Yanzu wata malamar jami'a, Dakta Sobekwa, tana rubuta sabon tarihin yankin, ƙarshen watan nan za ta miƙa shi ɗab'i. Mace ce mai kirki, amma ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye, ba za ta sa abin da ba a nuna mata ba. Tana son sunan Kaka na gaskiya, ba wanda Turawa suka laƙaba masa ba, tana kuma son ganin kabarinsa. Mu yara ba mu san ko ɗaya ba, tunda Baba ya rasu a ramin zinariya muna ƙanana.

Ranar Talata ta samo mana izini muka shiga gandun dajin da Mama, da mai gadi riƙe da bindiga saboda ɓauna. Mama ta gane wurin da gidan Kaka yake a da tun daga nesa. Amma da muka doshi inda shingen shanu yake a da, wanda a cikinsa ake binne maigida a al'adarmu, sai ta ja ɗankwali ta rufe goshi, ta kauce, ta zagaya ta bayan inda ɗakuna suke kamar amaryar jiya. Babu ɗaki, babu shinge, ciyawa ce kawai da kashin giwa, amma ita tana ganinsu. Malamar ta roƙe ta ko da nuni ne ta yi da yatsa. Mama ta ce ita matar gida ce, ba ta taɓa taka wurin da surukinta ke kwance ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba yau za ta fara ba don an zo da takarda da biro.

Nan Yaya Zwelethu ya fusata. Ya ce mata wai kunyar me take ji, mutumin da ake kira ɓarawon zuma a littafi har wata daraja ta rage masa da za a kare? Ya ce ta ci gaba da rufe fuska har giwaye su gaje mu. Wallahi Gwaggo na ji kamar in mare shi, amma kuma na kasa cewa ƙarya yake yi. Mama ta juya ta kama hanyar fita. Tun ranar ko masara da wake da take so ba ta taɓawa.

Na san kin rantse ba za ki sake ganin shingen gandun dajin nan da idonki ba, kuma ban ga laifinki ba. Amma ke 'yar gida ce, bakinki da ƙafarki ba su da wannan takunkumi, kuma ke kaɗai kika rage. An ba mu izinin sake shiga ranar Juma'a ta sama. Jiya Mama ta kira ni ta ce idan ba ki zo ba, za ta shiga ta tsaya a kan kabarin ta faɗi sunan da ƙarfi saboda jikokinta. Ta ce bayan haka kada mu komo da ita gidan nan, mu kai ta garin iyayenta, a can za a binne ta, don ba ta da fuskar da za ta kwanta kusa da Baba. Har ta ɗaure kayanta, suna bayan ƙofa.

Ki gaishe da Kawu Mthetho, da Siphokazi da yaranta. Lindiswa na gaisuwa. Zwelethu ma ya ce in gaishe ki, ko da yake ya kasa haɗa ido da kowa. Mama ba ta san na rubuto ba.

Ni ne ɗanki mai jiran ganinki a tasha,
Mkhuseli