Tsakiyar Fim Ɗin da Kika Yi Barci

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, uwar 'ya'yana kuma abokiyar gardamata,

Yau da safe na ga rigar ofis ɗinki rataye a bayan ƙofa, ta sha guga har tana sheƙi. Ba ki ce mini komai ba, amma na san tsohon shugabanku ya kira, ya ce kujerarki tana nan in kin ba shi amsa ranar Litinin. Shi ya sa na ɗauki biro, don da baki ban taɓa cin ki a gardama ba.

Kin tuna kallonmu na yammacin Asabar? Ke ce mai zaɓen fim, kuma kullum iri ɗaya ne: mace ta haura arba'in, aikin tebur ya ishe ta, ta ajiye, ta buɗe shagon burodi, sai ga wani dogon mutum ya shigo saye ya manta hanyar gida. Irinsu suka yi ta zuga ki har kika ajiye hatimi da fayil, kika mai da bayan gidanmu wurin renon furanni. Ranar fuskarki ta yi wasai kamar gari bayan ruwan sama, na yi ta satar kallonki kamar sabon ango.

Jiya kuwa kika tsaya a kan tukwanen furannin da saiwarsu ta ruɓe, kika ce, “Malam, ƙaryar fim ce ta cuce ni. Su ai komai suka taɓa sai ya yi kyau.”

Haba, hasken gidana! A ina kika sani? Ke da ba ki taɓa ganin tsakiyar fim ba! Da zarar jarumar ta miƙa takardar barin aiki, sai kanki ya sauko kafaɗata, numfashinki ya canza. Ba kya farkawa sai kiɗan biki ya tashi a ƙarshe, ki murza ido ki ce, “Ka gani ko?” To ni ne na gani! Hannuna ya mutu a ƙarƙashin wuyanki, kin danne rimot, ba damar motsi. Na ga burodinsu ya ƙone. Na ga rufin shago yana yoyo, ƙawaye suna yi musu dariya a bayan ido. Na ga suna kuka a kicin, kuma wallahi kusan kowacce sai ta ɗauko tsohuwar rigar ofis ta goge, kamar yadda kika yi.

Wai ma mene ne laifinki? Kin riƙa ba furannin ruwa yadda kika saba zuwa aiki, safe da yamma, ba fashi ba makara, ko da ƙasar tana jiƙe. Kulawa ce ta yi musu yawa. Ni da na daɗe cikin irin wannan kulawar ban ruɓe ba, tumbi kawai na ajiye.

Ban taɓa rigar ba, kuma ba zan taɓa ta ba. In kin zaɓi komawa, ni zan kai ki har bakin ƙofar ofis. Amma ina jin tsoro, masoyiya. Ina tsoron dawowar matar nan da ke shigowa da yamma, ta cire takalmi, ta zauna tana kallon bango. Na sha kewarki a shekarun nan alhali muna ɗaki ɗaya. Yaya zan yi in na daina jin waƙar da kike yi yanzu, da laka a farcenki? Wa zai riƙa ɓata mini tabarmar ƙofa?

Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ki ba shugaban naku amsa, ki leƙa lungun bayan tankin ruwa, inda tiyo ba ya kaiwa. Tukwanen da kika manta a can sun fitar da sabon ganye.

A tsakiyar muke yanzu, abar ƙaunata. Ban san yadda namu fim ɗin zai ƙare ba, amma na san wannan wurin, na sha zama a cikinsa ido biyu. In kin gaji, ga kafaɗar nan. Ko hannun zai mutu, ba zan janye ba.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Mijinki, mai gadin barcinki